Suna Na Bakwai

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", duk na gan ku. Wata har cewa ta yi in mutuwa na yi a sanar da ita ta daina jira. Ban mutu ba, baiwar Allah, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ga shi nan na kawo, wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

Ƙarfe tara saura kwata Allura ta turo ƙofar ofishin Edita, ko sallama babu.

Allura ita ce 'yar jaridar da ta shafe wata huɗu tana bin diddigin tankunan ruwan da aka raba wa makarantun firamare, waɗanda daga baya aka gano tsofaffin tankunan sinadari ne aka ɗauraye aka shafa musu fenti. Yara sama da arba'in sun kwanta asibiti. Ba don siranta kaɗai ake kiranta Allura ba, in ta shiga magana sai ta ɓulla ta ɗaya gefen.

"Anti, rufe kwamfutar nan."

Edita ta ɗago. "Lafiya?"

"Ban sani ba. Ke za ki faɗa min."

Ta ajiye takarda ɗaya a kan tebur, mai hatimin ofishin rajistar kamfanoni, ta danne gefenta da yatsa saboda iskar fanka.

"Farin Tulu," in ji Allura. "Ƙaramin kamfanin da ya kawo tankuna goma sha biyu cikin na makarantun. Kin tuna shi?"

"Na tuna. Wanda na cire sakin layinsa a kashi na farko."

"Shi."

"Ai na gaya miki dalili. Majiya ɗaya gare ki a lokacin, ba ma buga zargi da bakin mutum ɗaya."

"Haka kika ce, kuma na yarda. Yanzu duba ƙasa, wurin daraktoci."

Edita ta jawo takardar. Suna na farko na yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta sauko na biyu.

Sunanta ne. Cikakke, har da sa hannunta, da wannan 'yar lanƙwasa da take yi a ƙarshe tun tana sakandare.

"Wannan..." Ta ɗago ta dubi Allura. "Wallahi ban taɓa sanin..."

"Sa hannunki ne ko ba naki ba?"

"Nawa ne."

Allura ta ja kujera ta zauna, sai a lokacin Edita ta lura idanunta sun yi ja.

"Jiya da yamma takardar ta iso. Na karanta ta sau nawa ban sani ba, ina cewa ko mai irin sunanki ce. Anti, ke kika ɗauke ni aiki. Ke kika koya min in an ba ni ko biro a wurin taro in mayar. Ni yanzu me zan ce wa iyayen yaran nan?"

"Wa ya gani bayan ke?"

"Shugaba. Jiya na miƙa masa jerin sunayen karatun yau, da takardun kowane kamfani a baya. Farin Tulu ne na bakwai."

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo labarin nan a tsakiya. Jaridar su Edita ba ta neman riba, ba ta karɓar talla. Da tallafin gidauniyoyi da ɗan abin da masu karatu ke turowa take numfashi, don haka ba ta da wata kadara da ta wuce a yarda da ita. Shi ya sa suke da wata ƙa'ida da suke kira karatun suna. Kafin a buga kowane bincike, kowa zai zauna a ɗakin taro, Shugaba ya karanto sunan duk kamfanin da ke cikin labarin ɗaya bayan ɗaya. In kana da alaƙa da wani, ta jini ko ta aljihu, sai ka miƙe tsaye, ka faɗi alaƙar, ka fita. Ba ka ƙara taɓa labarin. Wanda ya zauna shiru kuma daga baya aka gano, ya kwashe kayansa.

Kun san wa ya ƙirƙiro wannan ƙa'ida? Edita. Ita ta tsara har fom ɗin da kowa ke cikewa duk shekara, inda ake tambaya ko kana da hannu a wani kamfani. Sau shida tana rubuta "babu" da hannunta.

"Ƙarfe nawa taron?" ta tambaya, alhali ta sani.

"Sha ɗaya."

Ta zari jakarta. Makullin mota ya faɗi, ta ɗauka, ya sake faɗuwa.

"Anti."

Ta juyo.

"Ni ba zan ce komai ba a taron. Ba aikina ba ne in tashe ki. Amma zan kalle ki."

*

Shagon Yaya na kayan gini ne, a layin da manyan motoci ke sauke siminti. Ta bi ta tsakanin bututun roba da buhunan ƙusa, ƙurar siminti na hawa takalminta. Yana ciki yana shan shayi, waya a kunne. Da ya gan ta ya washe baki.

"A'a, Auta! Yau wace rana? Ko jaridar ce ta ƙone?"

"Yaya, mene ne Farin Tulu?"

Murmushin ya tafi. Ya kashe wayar ba tare da ya sallami mai maganar ba, ya tura ƙofar ɗan ofishin da ƙafa.

"Zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Takardar da ka kawo min asibiti, kwana biyu da haihuwar 'yata, ina kwance da ƙarin ruwa a hannu. Ka ce min shaida ce kawai."

"To ai shaidar ce. Sun ce sai mutum biyu za a yi rajista. Wa zan sa? Bare? In ya cinye ni fa?"

"Ka ce shaida, ba ka ce darakta ba!"

"Rage murya, akwai mutane a waje."

"Kuma ba wannan sunan na gani a takardar ba."

Ya sosa ƙeya. "Na canja suna shekara uku da suka wuce. Tsohon ya yi baƙin jini a banki."

"Shekara tara, Yaya. Shekara tara sunana na kan kamfaninka, ba ka taɓa buɗe baki ba. Ka san aikina. Ka san wata huɗu muna binciken tankunan nan, a gabanka na yi zancen ranar da muka je duba Umma, kana ta gyaɗa kai kana cewa Allah ya tona asirinsu!"

"To me kike so in ce? In ce ni ne?"

"Eh!"

Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsalo kan rasit.

"Ni ban san sinadari aka zuba a ciki ba. A hannun dillali na saya, na ga sun yi arha, na sa aka wanke su tas da sabulu, aka yi fenti. Kowa haka yake yi."

"Ka sha ruwan cikinsu?"

Ya janye rasit ɗin daga inda shayin ya zube.

"Ka ba 'ya'yanka sun sha?"

"Auta, kar ki mayar da ni wani azzalumi. Ni ma ban yi barci ba da na ji labarin yaran nan."

"Ka cire sunana. Yau."

"Ko na cire yau, takardar za ta nuna ranar da aka cire. Ke ba 'yar jarida ba ce? Sai ya fi muni."

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya fi ƙona mata rai. Ta dafa bango. A ranta tana lissafin yadda za ta yi bayani: suna ne kawai, ban sani ba, ban taɓa cin ko sisin kamfanin ba. Da wannan za ta iya tsayawa a gaban kowa. Ta faɗa a fili don ta ji yadda zai fito.

"Zan gaya musu gaskiya. Suna ne kawai. Ban taɓa karɓar ko sisi ba."

Yaya ya kawar da kai. Ya ɗauki tsumma yana goge shayin da ya zube, yana ta goge wuri ɗaya.

"Yaya?"

"Uhm."

"Na ce ban taɓa karɓar ko sisi ba. Ko ba haka ba?"

"Wankin ƙodar Umma," ya ce a hankali. "Kuɗin da nake turo miki duk wata ki biya asibiti."

"Ka ce kai ka ɗauki nauyi. Ka ce ni in riƙa kai ta, kai ka riƙa biya."

"Na ɗauka. Amma akawuna ya ce in ana fitar da kuɗi haka kawai daga kamfani, masu haraji za su yi tambaya. Sai ya ba da shawara a rubuta shi a matsayin alawus ɗin darakta ta biyu. Tunda asusunki yake shiga, sai abin ya zo daidai."

"Alawus ɗin wa?"

"Auta..."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara wankin. Shekara biyu."

Ta ciro waya, ta buɗe saƙonnin banki. Ga su nan a jere, duk farkon wata. Ita adadin kawai take dubawa ta wuce asibiti, ba ta taɓa karanta layin ƙasa ba. Yau ta karanta. Sunan kamfanin ne a gajarce, haruffa biyu, sai kalmar alawus.

Ku da kuke karantawa, kar wanda ya ce min shi da ya lura. Ƙarya ne. Wa yake karanta layin ƙasa in uwarsa na kwance ana jiran a biya kafin a jona mata na'ura?

Ta zauna a kan kwalin fenti.

"Ka kashe ni, Yaya."

"Ban yi da niyya ba, wallahi. Taimako na ɗauka ina yi."

"Na cire sunan kamfaninka daga labarin da hannuna. Don ƙa'ida na cire, Allah ya sani. Yanzu wa zai yarda? Za a ce yayanta na biyanta duk wata, ita kuma tana share masa hanya."

Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba tun da take.

"To ki yi shiru mana. Ki bar sakin layin nan a inda kika ajiye shi. Manyan kamfanoni nawa ne a labarin? Wa zai nemi ɗan ƙaramin Farin Tulu?"

"Allura ta riga ta samo takardar."

"Yarinyarki ce, ki yi mata magana."

"Ba ka san ta ba."

"To ki saurare ni da kyau." Muryarsa ta canja. "In sunan nan ya fita, za a rufe asusuna, ƙila a tafi da ni. Umma na da wanki ranar Alhamis, tana da wani ranar Litinin. Albashinki zai ɗauka? In ma sun bar miki albashin?"

Ta duba agogo, goma da minti ashirin.

"Auta, ki tuna Umma."

"Da ka tuna ta kafin ka sayi tankunan."

Ta fita tana jin yana kiran sunanta har bakin titi.

*

Cunkoso ya riƙe ta a shataletale. Ta kira mijinta sau biyu, wayarsa a kashe, yana aji yana koyarwa. Tsoro take ji. Ta yi ta gwada maganar da za ta faɗa, duk wadda ta gwada sai ta ji kamar ta mai laifi ce.

Sha ɗaya saura minti biyar ta hau matakalar ofis. A kwanar bene ta ci karo da Shugaba yana saukowa daga ofishinsa, fayil a hammata, tabarau a goshi. Dattijo ne mai sanyin magana. Shi ya kafa jaridar, shi ya ɗauko Edita daga wani gidan rediyo lokacin ba wanda ya san ta, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin an ce ya karɓi abin wani ba.

"Shugaba, ina son magana da kai."

"Bayan taro."

"Kafin taro. Don Allah."

Ya dube ta, ya dubi ƙurar simintin da ke takalminta.

"Jibi mutanen gidauniya za su zo duba mu kafin su sabunta tallafi. Kin sani. Mutum goma sha tara ke cin abinci a gidan nan. Makon nan ko tari mai ƙarfi ba na son a yi."

"Maganar takardar da Allura ta..."

"Na gani." Ya rage murya. "Na gani, 'yata. Ki shiga ki zauna a kujerarki. Ki bar min sauran."

"Amma Shugaba..."

"Na ce ki bar min."

Ya wuce. Ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Ba zan ɓoye muku ba, sanyi ta ji a ranta, wani daɗi ya ratsa ta cewa akwai mai tare mata. Nan take kuma kunya ta biyo baya, don ta san me wannan daɗin yake nufi.

*

Ɗakin taron ya cika. Dogon tebur, butar shayi a ƙarshensa, tagar da ke kallon garejin makanikai a rufe saboda ƙarar guduma. Edita ta zauna a wurinta, dama da Shugaba. Allura na can ɗaya ɓangaren, daidai saitinta, ta harɗe hannu.

Shugaba ya saukar da tabaransa kan hanci.

"Binciken tankunan makarantu, kashi na biyu. Kun san ƙa'ida. In na karanta suna, mai alaƙa ya miƙe."

Ya karanta na farko. Ya ɗago, ya bi fuskoki da kallo. Ba kowa.

Na biyu. Ba kowa.

Na uku. Kujera ta yi ƙara, mai ɗaukar hoto ya miƙe yana sosa kai.

"Ranka ya daɗe, ƙanwar matata tana buga musu takardu a ofis. Ko gaisawa ba ma yi sosai, bashi take bi na."

Aka kwashe da dariya.

"Ko ba kwa gaisawa, alaƙa ce," in ji Shugaba. "Fita."

"Hotunan da na ɗauka fa?"

"Wani zai zaɓa."

Ya ɗauki kyamararsa ya nufi ƙofa, yana wucewa ya ce wa Edita, "Anti, kin ga dokarki ta ci ni yau. Saboda ƙanwar mata fa!"

Ta yi ƙoƙarin murmushi, fuskarta ta ƙi.

Na huɗu. Na biyar.

Edita na ƙirgawa a ranta, saura ɗaya kafin Farin Tulu.

Na shida. Shugaba ya ɗago, ya duba, ya mayar da kai.

Ta ƙura wa fayil ɗin ido.

Ya karanta suna. Ba Farin Tulu ba ne. Na takwas ne.

Ba wanda ya lura. Mai kula da shafin intanet na wasa da biro, wata na zuba shayi. Shugaba ya karanta na tara, na goma, muryarsa ko gezau, ya rufe fayil.

"Shi ke nan. Akwai wanda ke da wata alaƙa da ban ambata ba?"

Tambayar da yake yi ke nan kullum a ƙarshe, kuma kullum ba mai amsawa, har wasu sun fara tattara littattafansu.

Allura ba ta motsa ba. Ba ta ce uffan ba, kamar yadda ta yi alkawari. Ido kawai ta zuba wa Edita.

Wayar Edita ta yi haske a kan tebur. Saƙo daga Umma: "Auta, Alhamis ki zo da wuri, kin san layin nan."

Ta kife wayar.

In ta zauna, minti ɗaya kawai, an tashi taro. Umma za ta yi wankinta, mutum goma sha tara za su karɓi albashi, masu gidauniya su zo su yaba musu su tafi. Ita da Shugaba da Allura kaɗai za su sani. Kuma gobe ita za ta zauna ta gyara labarin yaran da suka sha ruwan tankin yayanta.

"To madalla," in ji Shugaba. "Mu tashi..."

Kujerarta ta ja ƙasa da ƙara.

Kowa ya juyo. Tana tsaye, hannunta biyu a kan tebur.

"Zauna, Edita," Shugaba ya ce, bai ko kalle ta ba. "An gama karatu."

"Ba a gama ba. An tsallake na bakwai."

"Na ce ki zauna."

"Farin Tulu." Ta dubi kowa. "Kamfanin yayana ne. Sunana na cikin daraktocinsa shekara tara, ban sani ba sai yau da safe. Shekara biyu kuɗin kamfanin na shiga asusuna duk wata, ina biyan asibitin mahaifiyata da shi. Kuma ni na cire sunansa daga kashi na farko."

Mai zuba shayi ta manta tana zubawa, har ya cika ya malalo kan tebur. Wani ya ce, "Inna lillahi." Allura ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na girgiza.

Edita ta juya wajen Shugaba, hawaye na zubo mata.

"Ka yafe min. Na san don ka rufa min asiri ka yi, kuma ba zan manta ba har in mutu. Amma ba zan iya ba."

Ta ɗauki jakarta za ta nufi ƙofa.

"Tsaya."

Ta tsaya.

Shugaba ya cire tabaransa, ya ninke, ya ajiye a kan fayil ɗin. Sannan ya dafa teburin da hannu biyu, ya tura kujerarsa baya.

Ya miƙe tsaye.

"Shugaba?" in ji Allura, muryarta can ƙasa. "Kai kuma me ya sa ka tashi?"

Bai kalle ta ba. Edita yake kallo.

"'Yata," ya ce, "ai ba don ke na tsallake sunan ba."